Jan Biron Ngozi a Babi na Sha Tara

Kafanchan,
Asabar da rana.

Ngozi, ƙawata,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Haka aka koya mana buɗe wasiƙa tun muna firamare, hannuna bai san wata hanya ba. Na sani ba za ki karanta wannan ba. Wata tara ke nan da rasuwarki, ni kuma ba yarinya ba ce da zan ruɗi kaina. Amma shekara goma sha ɗaya duk abin da na rubuta da hannu ke kike fara ganinsa kafin ki buga mini shi a kwamfuta, yau kuma na zauna da takarda na rasa wanda zan yi wa magana in ba ke ba. Ki yi haƙuri da ni.

Ina ofis ne, ko da yake Asabar ce. Na ce wa Ishaku, maigidana, zan zo in rage takardun jarrabawa, kuma ba ƙarya na yi masa ba. Ga su nan a kan tebur, ɗauri huɗu, na 'yan aji ɗaya kaɗai sun haura ɗari uku. Na duba goma sha biyu na ture. Tambaya na yi musu a kan bambancin tatsuniya da ƙagaggen labari, amsa iri ɗaya nake ta karantawa, har kuskuren ma iri ɗaya, sai ki ce mutum guda ne ya rubuta da hannuwa daban-daban. Babu wuta tun jiya. Fankar nan da kike cewa ta girme ni tana tsaye. Rufin har yanzu yana yoyo ta kusurwar da nake ajiye kundayen ɗalibai, na sa bokiti a wurin, shi ke nan gyaran da aka yi.

Bari in ba ki labarin gida tukuna. Ruwa ya sauka da wuri bana, mutanenmu na Zonkwa sun riga sun shuka citta. Shagonki na hanyar tasha wani mai sayar da kayan waya ne a ciki yanzu. Ya shafe rubutun da ke saman ƙofa, amma fentin bai kama da kyau ba, in rana ta haska sai a ga inuwar sunanki a ƙarƙashi. Na daina bin ta wurin, gara in zagaya ta kasuwa. Maigidanki ya koma shagonsa, ya rame, amma yana zuwa sujada. Mama tana nan a tsohon gidanku na kusa da kwatas ɗin reluwe, ƙafarta ce dai ke damunta. Zan zo kan maganarta.

Akwai abin da zan fara faɗa miki don ya sauka daga wuyana. Ban je jana'izarki ba. Na je sujadar da aka yi miki a nan, na zauna a bayan Mama. Amma da aka ɗauke ki aka tafi da ke kudu, garin mijinki da ba ki taɓa yin wata guda cur a cikinsa ba, ni ina tsaye a cikin aji ina gadin jarrabawa. Na nemi izini. Shugaban sashenmu ya ce in samo wanda zai tsaya mini. Na zagaya ofis shida, kowa da nasa ajin. Ina iya sa ƙafa in tafi, abin da zai faru ya faru, iyaka dai a ba ni takardar tuhuma. Ban tafi ba. A lokacin da ake sa ki a ƙasa ina karɓe takardar satar amsa daga hannun wata ɗaliba. Wace irin ƙawa ce wannan, Ngozi? Ke da aka haifa a Kafanchan, kika yi rayuwarki duka a Kafanchan, ko kabarin da zan je in tsaya a kai ba ni da shi a garin nan.

To, aikin da na zaɓa a kanki, ji yadda ya saka mini. Kin tuna takardun neman ƙarin girma da kika haɗa mini, kika ɗinke su da baƙin bango har kwafi biyar? Amsa ta fito watan jiya. Ba a ba ni ba. Kwamitin ya ce littafina na gajerun labarai, wanda kika buga sau uku saboda gyare-gyarena, ba bincike ba ne, don haka ba shi da maki ko ɗaya. Ban yi mamakin wannan ba, an sha faɗa mini. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, abokin aikina na ofishin da ke kallon nawa ya rubuta maƙala a kan wannan littafin nawa, shafi goma sha biyu, an buga masa a mujallar ilimi, kuma da ita aka cika masa makinsa. Shi an ƙara masa girma. Ni da na zauna shekara huɗu ina rubuta abin da ya yi sharhi a kai, an ce in ƙara ƙoƙari. Ya zo har ofishina ya yi mini godiya, da zuciya ɗaya kuwa, ba mugun mutum ba ne. Na taya shi murna. Me zan ce masa?

Farfesan da aka aika wa takarduna daga waje kuma ya ƙara da nasa. Ya rubuta cewa aikina ba laifi, sai dai Hausata ta 'yan koyo ce. Shekara ashirin da uku ina koyar da harshen nan. Gaskiya ne ba da shi uwata ta yi mini rarrashi ba, a kasuwa da coci da makaranta na same shi, kamar ke. Amma da shi nake mafarki, da shi nake addu'a, da shi na yi faɗa da ke. Sai yaushe zan gama koyo? Da kina nan, da kin ce in ba ki takardar ki naɗe ƙosai da ita, mu yi dariya, in wuce wurin. Yanzu kuwa ina ta karanta layin nan ina sake karantawa.

Duk wannan ba shi ne ya zaunar da ni yau ba. Babi na sha tara ne.

Shekara shida ina rubuta babban littafin nan na labarin garinmu da jirgin ƙasa. Kin fi kowa sanin yadda aka yi shi. A littattafan rubutu na 'yan makaranta nake rubutawa, tsakanin lacca da lacca, a zauren taro in ana ta maimaita magana ɗaya, a cikin mota in zan je Samaru Kataf duba ɗalibanmu masu koyon aikin koyarwa. In na cika littafi sai in kawo miki shago. Ki buga, ki mayar mini da ra'ayinki ko ban tambaya ba. Ke kika ce mini matar babi na huɗu ta cika kuka, mace mai yara biyar ba ta da lokacin kuka haka. Na ji haushi, na gyara, kuma ya fi kyau. Kina kirana Farfesa don tsokana, a gaban ɗalibaina ma in sun zo yin fotokofi.

A cikin littafin akwai wani tsoho da na sa wa suna Papa Sigina. Tsohon ma'aikacin reluwe ne wanda hankalinsa ya taɓu bayan jirage sun daina zuwa yadda suka saba. Kullum da safe sai ya sa kakinsa na aiki, ya goge takalmi, ya tafi tasha jiran jirgin da ba zai zo ba, yara suna binsa suna waƙa. Tun babi na sha uku yake leƙowa jefi-jefi, ba ki ce komai ba. A babi na sha tara ne na ba shi fili duka, na kwatanta tafiyarsa, da ɗingishinsa na ƙafar hagu, da jakar fatar nan da yake ratayawa. Mahaifinki ne, Ngozi. Na canza suna kawai. Na sani, kin sani, duk wanda ya girma a unguwar nan zai sani. Ban tambaye ki ba. Na ce wa kaina marubuci yana da 'yancin ɗaukar abin da idonsa ya gani, haka nake koya wa ɗalibai a aji. Gaskiyar kuwa ita ce na ji tsoron in na tambaya za ki hana ni, babin kuma ya yi mini kyau, ban taɓa rubuta abin da ya kai shi ba.

Ranar da na zo karɓar aikin wata Laraba ce, shagon cike da ɗalibai. Ba ki ɗaga murya ba. Kin jira suka ragu, kika ce mini ba ki buga ba. Kika ce mutumin da ya ba ni abinci a gidansa sau ba adadi, wanda ya raka mu makarantar kwana da akwatunanmu a kansa, shi na mayar mahaukaci don mutane su karanta su ji daɗi. Ni kuma maimakon in yi shiru, sai na yi miki lacca. Na ce ba ki gane yadda adabi yake aiki ba. Na ce tausayinsa nake son mai karatu ya ji. Har na ce miki aikinki bugawa ne, ba sharhi ba. Wannan maganar ita ce ke tashe ni tsaye in na tuna. Shekara goma sha ɗaya ina cin amfanin sharhinki kyauta, ranar da ya taɓa ni na tuna miki matsayinki. Kika dube ni, kika sa littattafan rubutun a aljihun tebur kika kulle, kika ce in je in dawo in na shirya yin magana kamar mutum. Ba ki kira ni Farfesa ba a ranar. Rifkatu kika ce, cikakken sunana, yadda ba ki kira ni ba tun muna yara.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba ma. Muna aji uku na sakandare, lokacin hutu, ina tare da wasu 'yan mata a bakin famfo Papa ya wuce da kakinsa. Yara suna binsa suna cewa jirgi na zuwa, jirgi na zuwa. 'Yan matan suka yi dariya, ni ma na yi. Ya waiwayo ya gan ni. Da yamma na zo gidanku, ya ba ni lemo kamar kullum. Shekara kusan arba'in ina ɗauke da wannan. Wataƙila na rubuta babin ne don in wanke kaina, in nuna ni mai tausayi ce. Sai ga shi dariyar nan na sake yi, da kalmomi masu kyau.

Mako biyar ne tsakanin Larabar nan da ranar da kika faɗi. Na yi niyyar zuwa, Ubangiji shaida ne. Makon farko fushi nake yi. Mako na biyu fushin ya sauka, sai aka ce tawagar masu tantance kwasa-kwasai tana tafe. Kin san yadda muke yi in za su zo. Aka sa mu fenti, aka sa mu cika fayil-fayil na shekara biyar da ba wanda ya taɓa buɗewa, aka aro littattafai aka jera a kanta, ni aka ɗora wa rubuta rahoton sashe saboda wai ni ce marubuciya. Nan kaɗai rubutuna yake da amfani a wurinsu. Suka zo suka tafi, sai ɗalibai goma sha bakwai da nake duba kundinsu na kammala karatu suka yi layi a ƙofata, kowa yana son sa hannu. Sai taron sashe. Sai tsara jadawalin jarrabawa. Kullum in na hau babur zan koma gida sai in ce gobe zan tsaya a shagonki. Sau biyu na wuce na hango ki ta ƙofa kina aiki, na ce wa mai babur ya ci gaba, na gaji, maganar tana son natsuwa. Na tura miki saƙon gaisuwa ta waya sau ɗaya. Kin amsa da kalma biyu, lafiya lau.

Ina tsammanin muna da lokaci. Mun yi faɗa a baya, mun taɓa yin wata biyu ba mu magana saboda ankon bikin ƙanwata. Wa ya san jininki yana hawa haka? Me ya sa ba ki gaya wa kowa kin daina shan maganin ba? Ina cikin aji wayata ta yi ta ruri a jaka, ban ɗauka ba, don ni ce mai dokar kashe waya a aji. Kafin in isa asibiti kin daina magana. Kin yi kwana biyu, na zauna kusa da ke na riƙe hannunki, na ce ki yafe mini. Likita ya ce wataƙila kina ji. Da wannan wataƙila nake zaune har yau.

Bayan rasuwarki ban sake taɓa littafin ba. Ban ma nemi littattafan rubutun ba, kunya ta hana ni. Na koma rubuta maƙaloli kamar yadda kowa yake ba ni shawara, na rubuta biyu a kan abubuwan da ni kaina ba zan karanta ba. Sai wata uku da suka wuce Mama ta aiko a kira ni. Na je da fargaba. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Ta ce in shiga ɗakinki na da, akwai leda a kan gado, maigidanki ya kawo lokacin da aka kwashe shago.

Littattafaina ne, duka uku. A ƙarƙashinsu ga babi na sha tara an buga shi tsaf, shafi ashirin da biyu. Kin buga, Ngozi. Ba ki canza ko harafi ba. Sai dai kin bi shi da jan biro, gefen kowane shafi cike da rubutunki mai karkata. A shafin farko kika rubuta: “Papa bai yi hauka ba. Ke ne ba ki tambaya ba.” Da a da ne, da na ce miki ke ce ake cewa, ki ce mini Hausar Kafanchan ba ruwanta da mace da namiji. Na zauna a bakin gadon na karanta har ƙarshe.

A nan na ji labarin Baba Tanko, sunan da ban taɓa ji ba. Kika ce abokin aikin Papa ne, mai juya layin dogo. A shekarar da mutanenku suka gudu kudu, kafin a haife mu, shi ya ɓoye Papa da Mama kwana uku a ɗakin ajiye kayan aiki, shi ya sa su a jirgi. Da suka dawo bayan shekaru, shi ya riƙe musu keken ɗinkin Mama bai sayar ba. Daga baya ɓarin jikinsa ya shanye, ba mata, ba ɗa, yana kwance a wani ɗaki a bayan tasha. Wurinsa Papa yake zuwa kowace safiya. Ya yi masa wanka, ya canza masa shimfiɗa, ya ba shi abinci a baki. Jakar fatar nan da na kwatanta da kyau, na ce tsofaffin tikiti ne a ciki, kular abinci ce da sabulu. Kakin kuma don masu gadi ne, ba sa barin mai farin kaya ya shiga can ciki. Shekara bakwai yana yin haka. Baba Tanko ya roƙe shi kada a gaya wa mutane halin da yake ciki, mutum ne mai jin kunya, ba ya son a zo kallonsa. Papa ya yi alkawari, ya hana ku faɗa, ya bar gari duka yana ce masa mahaukaci. A wani shafi kika rubuta: “Ya san jirgi ba ya zuwa. Ya fi kowa sani, shi ne mai sigina.” A shafin ƙarshe kuma: “In kin gama fushi ki zo mu zauna. Kar ki turo saƙo, ki zo da ƙafarki.”

Na yi kuka, ba sai na faɗa miki ba. Amma bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba: na ji haushinki, har yanzu ina ji. Me ya sa ba ki faɗa mini a shagon ba? Me ya sa ba ki kama ni kin jijjiga ni ba, ke da ba ki taɓa ɓoye mini ra'ayinki a kan ko ɗankwali ba? Na san alkawarin Papa ne ya riƙe bakinki, na san kuma ni ce ban ba ki fili ba da laccata. Duk da haka, mako biyar takardun nan suna kulle a aljihun tebur, ni ina wucewa a kan babur. Ke kina jira in zo, ni ina jira in samu sarari. Mata biyu masu shekara hamsin da ɗoriya! Wa muke yi wa wannan taurin kan?

Sannan kin rushe mini littafi. Babi bakwai ne suke tsaye a kan mahaukacin nan. Shi ne abin da na gina komai a kansa, garin da jirgi ya bari, mutanen da suke jiran abin da ya wuce. Na yi alfahari da wannan tunanin, har na taɓa yin bayaninsa a wani taro aka tafa mini. Yanzu na ga ba kome ba ne illa abin da yara suke faɗa a bakin famfo, na sa masa riga. Ni da nake maido wa ɗalibai kundinsu in ce su koma ƙauye su tambayi tsofaffi, kada su zauna a ɗaki su ƙirƙiro, ban tambayi matar da nake cin abinci kwano ɗaya da ita ba. Labarin gaskiyar ya fi nawa nesa ba kusa ba, wannan ma wani haushin ne. Kuma ya fi wuyar rubutawa. Mahaukaci yana da sauƙi, sai ki sa shi ya yi abin ban mamaki. Mutumin da yake wanke wani mutum kowace safiya shekara bakwai, ta ina zan kama shi? Me yake tunani a hanya in yara suna waƙa? Ban sani ba, wadda za ta gaya mini kuma ba ta nan.

Na tambayi Mama ko in bar maganar gaba ɗaya. Ta ci gaba da tsince wakenta. Can ta ce Baba Tanko ya daɗe da zuwa wurin Ubangiji, Papa ma haka, kunyar da ake ɓoyewa ta bi mai ita. Ta ce ta gaji da jin ana cewa gidan mahaukacin nan in ana kwatancen gidanta. In zan rubuta, in rubuta daidai, in kuma riƙa kawowa tana ji, tunda idonta ba ya ganin rubutu.

Haka muke yi yanzu. Ran Lahadi in an taso sujada sai in wuce wurinta da abin da na samu. A wata uku shafi goma sha ɗaya kawai na rubuta, ni nake bugawa da kaina da yatsa biyu, in an kawo wuta. Mama ta fi ki tsanani. Na rubuta cewa shinkafa Papa yake kai wa Baba Tanko, ta ce wa yake da shinkafa a lokacin, kunu ne da ƙosai, ran Lahadi kuma faten doya. Na rubuta cewa suna hira a kan jiragen da, ta ce bakin Baba Tanko ya karkace, ba ya magana, Papa ne yake yi masa waƙoƙin coci da Hausa ko da yake muryarsa ba daɗi. Makon jiya ta yi barci ina tsakiyar karatu. Da ta farka ta ce wurin da ta yi barcin in cire shi.

Ga inda matsalar take. Yayanki ya ce ba zai sake barin Mama ita kaɗai a nan ba, zai zo ya tafi da ita kudu lokacin Kirsimeti, ta zauna wurinsa gaba ɗaya. Ba ta so, amma ƙafar ta ƙi, kuma gaskiyarsa ne. Wata bakwai ke nan ya rage mini. A cikin wata bakwai ɗin akwai takardun nan da ke gabana, da wata jarrabawar, da sabon kwas da aka ƙara mini saboda wani ya tafi ƙarin karatu ba a kawo madadinsa ba. Shekaranjiya shugaban sashe ya kira ni ya ce an sa ni shugabar kwamitin jadawali, wai zai taimaka mini a neman ƙarin girma na gaba. Na ce masa ba zan iya ba. Ya ɗauka wasa nake yi, ya ci gaba da bayani. Na sake cewa ba zan iya ba, ina da aiki. Ya tambaye ni wane aiki. Na ce littafi nake rubutawa. Ya dube ni yadda ake duban wanda ya ce zai bar aiki ya koma kiwon zomo, ya ce in je in yi tunani. Shekara ashirin da uku, ranar ce na fara cewa a'a a ginin nan. Ban san abin da zai biyo baya ba. Ishaku ya ce in sun ga dama su ba ni takardar tuhuma, zai saya mata firam ɗin hoto ya rataye ta.

Ban yi miki alkawarin zan gama ba. Kin san ni, kin san wurin nan. Wataƙila Kirsimeti ya zo ina babi na sha biyar, a sa Mama a mota da sauran labarin a bakinta. In na tuna haka sai in ji kamar in kwashe takardun nan in zuba a bokitin yoyo. Ba zan zuba ba, 'ya'yan mutane ne, wasunsu da kuɗin citta aka turo su. Zan duba hamsin yau, in Allah ya yarda, sannan in rubuta ko rabin shafi ne. Gobe Mama tana jirana. Ta ce za ta gaya mini ranar da Baba Tanko ya rasu, da yadda Papa ya dawo gida ya cire kakin ya ninke, bai sake sa shi ba. Ta ce ke kika wanke kakin kika goge, kina da shekara ashirin da biyu. Ban san wannan ba ma. Ina tare da ke a shekarar, kullum muna tare, ban sani ba.

Ki gai da Papa. Ki ce masa yarinyar nan ta bakin famfo tana neman gafara, ta makara ƙwarai, amma tana nema. Ki huta lafiya, ƙawata, sai mun sadu a gaban Ubangiji.

Taki har kullum,
Rifkatu, wadda har yanzu ba farfesa ba.